Layukan da Na Soke

Markar bana ta kama kamar ba ta da niyyar saki. Kwana biyar ke nan rana ba ta leƙo Keffi ba, wankin da na shanya a baranda har ya fara warin danshi. Ranar Talata da hantsi ina gaban kwamfutar da nake rubuta labaraina, sai wayata ta nuna min Ummi tana rubuto saƙo. Ummi 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni, tana aure a Mararaba da 'yarta ƙarama. Na bar aikin na zuba wa wayar ido. Ta yi rubutu ta tsaya. Ta sake farawa ta sake tsayawa. Har shayina ya huce tana abu ɗaya. Da saƙon ya iso, kalma huɗu ne kacal: "Lafiya lau muke, Mama."

Kalma huɗu ba sa cin wannan lokacin. Akwai abin da yarinyar nan ta rubuta ta goge, waya kuwa ba ta barin tabo. Na san irin wannan lafiya lau ɗin. Ni ma na yi ta a wata damina, ta kusa cinye min ita Ummin.

A shekarun farko ne bayan an yanke mana jiha. Abuja tana tashi, tifofi suna wuce mu safe da yamma da yashi da tsakuwa, duk namijin da ke iya ɗaga bulo hankalinsa ya koma can. Baban Ummi manomi ne, da rani kawai yake zuwa leburanci. Waccan shekarar ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka. Masara ta kai gwiwa sai sama ta ɗauke. Mako ɗaya, mako biyu, har muka daina lissafi. Rana takan fito da zafinta tun da safe, ƙasa ta tsage, ganyen masara ya nannaɗe ya koma kamar tsintsiya. Masallatai suka fita roƙon ruwa, coci-coci ma suka yi nasu. Da ruwan ya dawo muka sake shuka da hatsin da ya kamata mu ci. Ruwan kuma bai dawo da wasa ba. Ya yi ta zuba har rafin Antau ya cika ya haura, ya kwashe mana gonar bakin rafi, shuka ta biyu da kunyoyin doya gaba ɗaya.

Washegari Baban Ummi ya ɗaure kayansa a leda ya ce, "Mako biyu zan yi in Allah ya yarda. Ki lallaɓa da abin da ke buhu." Abin da ke buhun bai kai rabi ba. Na ce Allah ya tsare hanya. Lokacin Ummi tana da shekara biyu da 'yan watanni, ban daɗe da yaye ta ba.

Za ku ce ba ni da dangi ne? Ina da su, cikin gari ma kuwa, tafiyar ƙafa. Amma shekara guda kafin nan yayana ya sayar wa mutanen Abuja gonar mahaifinmu ta bakin titi bai shawarci kowa ba, ni kuma da kaifin bakina na tsaya gaban dangi na ce ko ciyawa zan ci ba zan sake taka ƙofarsa ba. Baki shi ke yanka wuya. Ga shi gidanmu an san mu da rufin asiri, tun kakanni ba a jin kanmu. A haka aka raine ni: in tukunyarki ba ta hau wuta ba, ki wanke fuska ki sa kwalli ki fita. Ni kuwa na ɗauki tarbiyyar har na ƙara mata gishiri.

Abin da na dogara da shi, yanzu in na tuna sai in girgiza kai. Labari ne. Tun ina makaranta nake rubuta labarai, aure bai raba ni da su ba. Na taɓa aika wa wani mai buga littattafai a Kaduna farkon wani labarina, ya amso cewa labarin ya yi, amma shi yanzu ba ya karɓar rubutun hannu, sai an buga a kwamfuta. Na riƙe wasiƙar nan kamar laya. Na ce wa kaina in dai littafin ya fita, za mu ci. Ban tsaya na tambayi kaina wata nawa littafi yake ɗauka kafin ya zama tuwo ba.

Takarda ba ni da ita, sai buhunan siminti da Baban Ummi yake tattaro min daga wurin gini. Na lokacin na takarda ne, falle uku. Na waje yana da rubutu, na ciki ya sha siminti, na tsakiya shi ne nawa. In kakkaɓe, in goge da tsumma mai ɗan danshi, in danne ƙarƙashin tabarma kwana biyu ya miƙe, sannan in yanka da wuƙa in ɗinke gefen da zaren kitso. Biro kuwa ɗaya ne, irin wanda ake ganin cikinsa, kullum sai na ɗaga shi a haske in ga inda tawadar ta tsaya. Saboda haka in na yi kuskure ba na cukurkuɗe shi, wannan ɓarnar tawada ce. Layi ɗaya siriri nake ja a kai in wuce.

Mai buga min ita ce Anti Rahila, haka duk unguwa ke kiranta. Gida uku ne tsakaninmu. 'Yar wajen Garaku ce, Kirista, ta yi shekaru tana buga tafireta a ofis kafin ta koma wani shagon kwamfuta a bakin babban titi. Doguwa ce mai ƙaton tabarau, Hausarta tana ɗingishi amma ba ta ɓatan hanya. Muka shirya duk Asabar in yi musu kitso ita da 'ya'yanta biyu saboda coci, ita kuma in akwai wuta babu kwastoma ta buga min abin da na kai mata.

Ga yadda kwanakin suke tafiya. Bayan sallar asuba in share tsakar gida, in ruwa ya bari. In zaga bayan gida in tsinko tafasa da rama, su kaɗai suka ji daɗin wannan damina. In dama wa Ummi kunun masara tsararo, wanda kana iya hango gindin kofi ta cikinsa. Ni kuma in dafa ganyen in ci da gishiri. Ciyawar da na ambata da bakina, ga ta ina ci. Da hantsi in goya Ummi in tafi rumfar da matan unguwa suke taruwa ɓarar agushi. Wata 'yar kasuwa ce take kawowa, mu ɓare, ta bar mana karyayyun mu yi miya. Muna zaune a kan tabarmi masu danshi, ruwa yana dukan kwano, farce yana zogi, hira tana gudana. Kafin in fita sai na sa tsinke a baki, in isa ina sakace kamar wadda ta tashi daga kan nama. Da leɓɓana suka bushe har ana tambaya, sai na ce ramuwar azumi nake yi. Allah ya yafe min wannan ƙaryar.

Bayan azahar kuma sai rubutu. In zauna bakin ƙofa inda haske yake, in matsar da kwanonin da ke taren yoyo, in ɗora takarda a kan faifai a cinyata. Labarin wata attajira ne, Hajiya Kulu, wadda gidanta ba ya rabuwa da baƙi. Cikina yana ƙugi, ni kuma ina yanka mata kaji.

Wata Asabar ina yi wa Anti Rahila kitso ta ce, "Maman Ummi, mutanen labarin nan naki ba su da aiki ne sai ci? Shafi uku na buga jiya, duk suya ake yi. Har yunwa ta kama ni a shago."

Na yi dariya na ce, "Masu hali ne, Anti. Ke dai buga."

"Ina bugawa," in ji ta. Can kuma ta ce, "Ummi fa? Kullum tana baya. Ba ta sauka ta yi wasa?"

"Haƙori take yi."

Na ja gashin da ɗan ƙarfi don ta bar zancen, ta kuwa bari.

Abin da ban lura ba shi ne hannuna yana cin amanata. Ina tsakiyar zuba wa baƙin Hajiya Kulu miyar taushe sai hankalina ya tafi ɗaki inda Ummi take kwance, biro kuma ya bi shi. Sai in farga in ga na rubuta abin da ba na labarin ba. In ja tsaki, in ja layina siriri a kai, in koma wurin kaji. Ban taɓa komawa na karanta su ba. A wurina abin da aka soke ya mutu.

Ummi kuwa tana canzawa a gabana, ina gani ina ƙin gani. Kumatunta suka cika, har wata a rumfar agushi ta ce yarinya ta yi ƙiba, na karɓa da murmushi. Ƙafafun na riƙa rufe su da zanin goyo. Mako biyun Baban Ummi ya zama shida, ba shi ba saƙonsa.

Anti Rahila ta gwada ta hanyar da ake gwadawa. Wata rana ta shigo da kwanon faten acca a rufe, wai ta yi da yawa. Na karɓa. Ummi ta ci cokali uku ta kau da kai, ni na cinye sauran a tsaye ina jin haushin kaina. Sai ga matsala: a garin nan kwanon maƙwabta ba ya komawa wayam. Na duba ɗakin sama da ƙasa, babu abin sawa sai karyayyen agushin da na tara na kwana huɗu, abin miyarmu. Na juye shi a kwanon na mayar. Da ta sake zuwa da wani kwanon bayan kwana biyu, a bakin ƙofa na tare ta.

"Anti, kada ki riƙa wahalar da kanki. Yanzun nan muka sauke tukunya. Abinci har kwana yake yi mana."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi ƙofar da na tsaya na kare, ta juya da kwanonta. Na ji zafin abin da na yi, amma na fi jin daɗin ba ta shiga ba. Kun ji irin haukan.

Ranar da abin ya fashe Alhamis ce, ana yayyafi tun safe, irin wanda ba ya tsayawa. Garin masara ya ƙare tun Talata. Anti Rahila ta biyo ta ƙofata za ta shago, ta ce in zo in duba abin da aka buga kafin a ɗauke wuta. Na goya Ummi, na yafa leda, na bi ta cikin taɓo. Duk nauyin yarinyar ya koma ƙafafu, kanta yana lilo a bayana.

A shagon ta miƙo min tarin fararen takardu. Wallahi na manta da yunwa na ɗan lokaci. Labarina ne, amma ya yi wanka ya sa kaya. Babu ƙurar siminti, babu inda yoyo ya ɗiga tawada ta baje, babu layin da ya karkace don hannu ya gaji. Na karanta shafin farko kamar wata ce ta rubuta, wata mai hankali, mai cin abinci sau uku.

Sai ta zaro takarda guda ɗaya daga durowa.

"Wannan kuma wata ce ta kawo," ta ce. "Gajere ne. Duba min, ke kin fi ni Hausa."

Na karɓa ina jin kaina malama. Gajerun layuka ne, kowanne a nasa wurin, baƙi wuluk a kan fari.

Garin saura gwangwani huɗu.

Yau ma bai zo ba.

Ta ƙi shan kunun.

Gashinta ya yi ja, yana biyo mataji.

Na danna ƙafarta, wurin ya loɓa bai taso ba.

Garin saura gwangwani ɗaya.

Ba ta iya tsayuwa.

Allah kada wani ya shigo ya gani.

Tun ban kai ƙarshe ba bakina ya riga ni. Na ce, "Wannan yarinyar ai mutuwa za ta yi. Wace irin uwa ce wannan, tana zaune tana rubutu?"

Na sauke ido kan layin ƙarshe.

Ummi ta daina kuka.

Kalmomina ne, waɗanda na soke a tsakanin kajin Hajiya Kulu cikin mako shida. A takardar siminti, da rubutuna, a warwatse, kowanne ƙaramin abu ne da za a ja wa layi a wuce. A nan kuwa an jera su, an cire hannuna daga ciki. Na riga na yanke wa uwar hukunci kafin in gane ni ce.

Abin da ya fara zo min ba kuka ba ne, faɗa ne. Na ce, "Wa ya aike ki? Abin da na soke, na soke. Amana na ba ki, ba tonon asiri ba."

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Maman Ummi, ni aikina bugawa ne. Dole in karanta abin da aka soke kafin in san inda zan ci gaba. Tun na farko nake gani. Na tambaya kin ce haƙori. Na kawo kwano kin kore ni. To me kike so in yi, in jira in zo miki ta'aziyya?" Ta nuna takardar. "Ba wanda ya ga takardar nan sai ni da ke. Kwance goyon."

Na ƙi. Na riƙe kullin zanin da hannu biyu kamar za a ƙwace min. Sai ta zagayo ta bayana ta ɗaga zanin daga ƙasa, ta ga ƙafafun. Na ji ta ce "Yesu" a hankali. Ba ta ƙara neman izinina ba. Ta kashe kwamfuta, ta rufe shago da rana tsaka, ta kama hannuna muka shiga ruwan.

A ɗakin shan magani wata ma'aikaciya ta danna ƙafar Ummi, ta buɗe idonta, ta dube ni. "Wannan ba ciwo ba ne. Me take ci?"

Na buɗe baki in ce kunu da madara, in ce ƙwai, ƙaryar tana nan a shirye a kan harshe. Takardar tana dunƙule a hannuna, ta jiƙe. Na ce, "Ba komai. Ba mu da komai." Karo na farko ke nan da na faɗa da baki, kuma ban mutu ba. Matar ta ce da mun ƙara mako guda, da ba ita za mu nema ba. Ta koya mana yadda za a dama kunun gyaɗa da waken suya da ɗan manja, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan.

Ita ma Anti Rahila ba wadata gare ta ba, damina ɗaya ce ta doke mu duka. Ta raka ni gida ta wuce nata, can sai ga ta da rabin abin da ke ɗakinta a ƙunshe cikin zani: gyaɗa, ɗan waken suya, da doya guda da ta rage mata. Na tsaya kaina a ƙasa na ce, "Anti, ba ni da abin da zan mayar miki."

"Kin ga kwano a hannuna?" in ji ta. "A tukunyarki zan dafa." Ta wuce ni, ta tsuguna gaban murhu, ta sa hannu cikin tokar da ta kwana biyu da mutuwa. Ta ce, "Miƙo min wuƙa."

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na baya tsanani, don yanzu ina gani. Cokali ɗaya, ta tofar. Wani cokalin, ya dawo. Gudawa ta kama ta kwana uku, kumburin ya sace, sai ga ainihin yarinyar, ƙashi da fata, har na gwammace kumburin. Na daina rubutu, na daina zuwa rumfa, na zauna da kofi da cokali ina roƙon Allah da duk sunan da na sani. Ran Lahadi daga coci Anti ta wuce Garaku wurin tsohuwarta, ta dawo jiƙe sharkaf da ƙullin acca da gyaɗa. Matan rumfar agushi suka ji, dole su ji. Na jira dariya, ba ta zo ba. Wannan ta shigo da ƙuli, waccan da ƙwai biyu a gefen zani, ba mai kawo kwano. Ɗaya ta zauna kusa da ni ta ce, "Ke kina tsammani ba mu san tsinken nan ba? Ni ma ina da nawa."

Rana ta tara da hantsi na ɗauke kofin don in ɗumama kunun, sai Ummi ta ɓare baki ta callara kuka tana miƙo hannu. Kukan fushi, irin nawa. Na zauna a ƙasa ina taya ta, Anti tana tsaye a ƙofa tana dariya tana share ido da gefen ɗankwali.

Baban Ummi ya dawo lokacin da sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa, ya rame har da igiya ya ɗaure wandonsa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi makonni a wani kangon gini. Na ce yaya aiki, ya ce lafiya lau. Na dube shi kawai na zuba masa abinci. Yayana kuwa da babbar sallah na taka ƙofarsa da ƙafata. Littafin an gama bugawa an aika Kaduna, har yau ban ji amsa ba.

Yanzu a kwamfuta nake rubutu, kuma ba zan yi ƙarya in ce ina kewar takardar siminti ba. Yatsuna sun huta, ba na ɗaga biro a haske, in na ga dama in ɗauko babi guda daga ƙarshe in kai shi farko ba tare da na sake kwafa ba. Littattafaina da suka fita duk a nan na rubuta su. Maɓallin gogewa shi ya fara koɗewa. Hannuna bai daina cin amanata ba, har yanzu yakan rubuta abin da ban aike shi ba, sai dai yanzu in na danna shafin ya koma fes, ko ni ba na tuna abin da ke wurin. Anti Rahila ta tsufa ta koma Garaku, idanun sun yi rauni. Da a yau ne zan kai mata aiki, da kajin Hajiya Kulu kawai za ta gani.

Shi ya sa saƙon Ummi ya hana ni zama. Wata biyu da suka wuce ta faɗa min a tsakiyar hira cewa an rushe layin shagunan da mijinta yake ciki saboda faɗaɗa titi, ta ce amma ba komai, yana neman wani wurin. Tun daga nan hotunan jikata suka ragu, wanda ya zo ma fuska ce kawai. In na kira sai ta ce tana kicin, can saƙo ya biyo baya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na san inda ta gado taurin kan.

Na rubuta mata, "Me kika goge?" Na dube shi, ni ma na goge. In ni ce ba zan amsa ba. Na rufe kwamfutar, na ɗauko buhu na zuba doya, gyaɗa, waken suya, garin masara, da galan ɗin manja. Baban Ummi yana zaure yana kallona ya ce, "Cikin ruwan nan?" Na ce, "Cikin ruwan nan." Ya tashi ya ɗora buhun a mashin ya kai ni tasha.

Hanyar da a da gonaki ne yanzu gini ne manne da gini. Cunkoso ya riƙe mu a Masaka, ina ta karanta kalma huɗun nan kamar za su ƙaru. Na isa bayan azahar, na tsallake kwatar da ta cika, na ƙwanƙwasa.

Ummi ta buɗe. Fuska a wanke, ta sa kwalli, 'yar tana goye a baya, zanin ya sauko har ya rufe ƙafafu. Ta dubi buhun, ta dube ni, sai ta tsaya a tsakiyar ƙofa ta kare.

"Mama, da kin faɗa za ki zo. Kin wahalar da kanki, ai yanzun nan muka sauke tukunya."

Na matsar da ita gefe a hankali na wuce kicin. Na ɗora tafin hannuna a kan risho, na taɓa gindin tukunyar. Sanyi ƙalau. Ban juyo ba, don na san yadda fuskarta take. Na kwance bakin buhu na zaro doya.

"Kwance goyon nan, Ummi," na ce. "Sannan ki miƙo min wuƙa."